Lakar da Na Daɓe Ɗakina da Ita

Salamu alaikum. A shekarun da zan ba da labarinsu ni matashiyar amarya ce 'yar cikin garin Gummi, wadda aure ya kai wani ƙauye a ƙasar Anka. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi na ƙauyen ba, don waɗanda abin ya shafa suna raye kuma sun sha wahalar da ta ishe su. Na gama firamare, shi ya sa nake ganin kaina wata aba a cikin matan ƙauyen, ga baki, ga tsabta har ta yi yawa, ga son a yaba. Idan an ce wance ta iya abu, ba na samun sukuni sai an ce na fi ta. Mijina mutum ne mai sanyin hali, manomi da damina, da rani kuma ya bi 'yan'uwansa ramin zinari. Ni na zaɓe shi da kaina, 'yan gidanmu kuwa har ranar ɗaurin aure suna yi mini tsiya wai na bar bakin gulbi da kifi na tafi inda ake shan ruwan tafki. Tsiyar nan ta zauna mini a rai fiye da yadda nake nunawa.

Abin da na fi taƙama da shi a duniya shi ne daɓe. Kakata ce ta koya mini, kuma ita ba ta yarda da aikin ganin ido. A zuba tsakuwa a yayyafa ruwa a bi da madaɓi har hannu ya yi kanta, wannan kowace mace ta sani. Sirrin kakata shi ne lallausar lakar bakin gulbi da take shafewa a sama ta cike duk wani ɗan rami, sannan a bi da ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, yana shanyewa ana ƙarawa har ƙasa ta yi duhu ta ɗauki sheƙi. Da zan tare da lakata na zo a buhu, mutane na dariya wai amarya ta haɗo da ƙasar garinsu cikin kayan ɗaki. Da aka gama daɓen dariya ta koma kallo. Mata sukan shigo gaishe ni amma idonsu na ƙasa, wata ma ta faki idona ta shafa da tafin hannu, ni kuma in yi kamar ban gani ba.

A lokacin zinari ya riga ya shigo cikin gidaje. Maza su ɗauko duwatsu daga rami a zube a tsakar gida, mata su farfasa su daka a turmi, a kai inji a niƙe, sannan a tafi da garin kududdufin bayan gari a wanke a fitar da abin da Allah ya ba da. Ƙura kuwa ko'ina, a kan tuwo, a kan shanya, a kan yara masu rarrafe, ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai. Cikina na fari ya tsufa lokacin da yara suka fara ciwon nan, yaro ya kama jijjiga idanu su juye, kafin a ce me ke nan an kai shi makwanci. Wasu suka ce sanƙarau ne, wasu suka ce iska ce ta ratsa gari. Iyayena ba su tsaya jin ƙarshen gardamar ba, suka zo suka tafi da ni gida goyon ciki kamar yadda aka saba. Saboda haka ban ga zuwan likitoci ba, ban zauna a taron da suka tara mata suka yi musu bayanin gubar dalma ba. Abin da ya iso mini Gummi guntu ne, wai ƙurar dutsen zinari ke kashe yara, an hana daka shi a gida.

Na haifi ɗiya mace lafiya lau, mai ƙarfin kuka, na gama wankan jego aka mayar da ni. Ban gane gidanmu ba. Masu aikin kwashe guba sun kankare tsakar gida kaf sun tafi da ƙasar a buhuna, sun zuba wata jar ƙasa da suka ɗebo daga nesa. Da na ɗaga labulen ɗakina sai na tsaya da jaririya a hannu na kasa shiga. Daɓena babu shi, an fasa an kwashe, an cike wurin da jar ƙasar an tattake da ƙafa kamar garken awaki. Kunya nake ji in faɗa, amma kuka na yi sosai, a gidan da ba a daɗe da fitar da gawar yara biyu ba, 'ya'yan wan mijina. Uwar mijina, wadda nake kira Inna kamar yadda yake kiranta, ta zaunar da ni ta ce in gode wa Allah da na dawo da abin goyo. Ta ce an gargaɗe su da babbar murya, kada komai ya sake shigowa gidan nan daga rami, ko daga wajen inji, ko daga kududdufin wanki, ko da tsinke ne. Na ce to, na ji.

Na yi ƙoƙarin daɓe jar ƙasar yadda take, ta ƙi. Ana dukanta tana watsewa, in ta bushe ta tsage. Ana cikin haka saƙo ya zo cewa yayyena mata za su zo ganin ɗiya bayan Sallah, tun daga ranar ban sake zama wuri ɗaya ba. Ina hango su sun shigo suna tattare zane, suna kallon juna, suna ajiye maganar da za a yi a mota. Na so in aika a kawo mini laka daga Gummi, sai na ga wannan tona wa kai asiri ne. Sai hankalina ya tafi kududdufin bayan gari, wanda ba a kai ga kwashe shi ba, an dai hana yara zuwa. Na san lakar da ke gefensa, garin dutsen da aka wanke ya kwanta, ta fi ta gulbinmu ma laushi. Na zauna na yi wa kaina fatawa. Na ce ƙura aka ce tana kisa, wannan kuwa laka ce. Na ce an wanke ta ba sau ɗaya ba, kuma tun muna yara aka koya mana abin da ruwa ya bi ta kansa ya tsarkaka. Na ce ko da saura, makuba za ta rufe ta ruf. Duk hujjar da na nema na samu.

Dama ta samu da Inna ta tafi Anka zaman makoki, mijina kuma yana can wani rami wajen Bukkuyum. Na yi magana da wani mai jaki da ke kawo wa mutane ƙasar gini, na kwatanta masa wurin. Ya ce ba can ne aka hana ba, na ce masa ai ba ci zan yi ba. Ya kawo ta ƙofar baya. Daɓe aikin gayya ne, mata ake tarawa ana waƙa ana duka, amma wannan ni kaɗai na yi shi, ƙofa a saye, ba waƙa, ɗiyata na kwance a gado tana kallon rufi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna na san ba daidai nake yi ba. Daɓen ya yi kyau, ban taɓa yin irinsa ba. Da Inna ta dawo ta tsaya bakin ƙofa ta riƙe haɓa, ta tambayi ƙasar da na yi da ita. Na ce jar ƙasar nan ce na tankaɗe na ba ta makuba mai kauri. Ta ce lallai 'yan Gummi hannunsu daban ne. Yayyena suka zo, babbar ta dubi ɗakin ta ce ashe ƙauye bai cinye ni ba. Don wannan kalma na yi duk abin da na yi, kuma a ranar na ji daɗinta har cikin raina.

Watanni suka shige ba abin da ya faru, har na fara yi wa kaina dariyar tsoron da na ji. Yarinya ta zauna, ta fara rarrafe, kuma a kan daɓen nan take wuni, don ban yarda ta fita tsakar gida ta ɓata jiki ba. Safe da yamma ina bin ɗakin da busasshiyar shara, ita tana zaune a gefe tana kai wa ƙurar da ke tashi cafka. Wajen gindin randa, inda ruwa ke ɗiga, makubar ta fara ɓarewa, ita kuma ta gano wurin, ta sa ɗan yatsa ta ƙwaƙule ta kai baki. Nakan buge hannun, ba don tsoron guba ba, don kada ta ɓata mini daɓe. Wane yaro ne ba ya cin ƙasa? Sai ta fara ƙin nono, ga kukan da ba a san dalilinsa ba, ciki ya ɗaure, wani lokaci amai. Muka ce haƙori ne, aka yi ta jiƙe-jiƙe. Ta riga ta fara kama bango tana tsayawa, ta fara kiran babanta, sai duk ta daina, ta koma zama shiru tana kallon wuri ɗaya.

Inna ce ta ce wannan ba haƙori ba ne, ta taɓa ganin irin kallon nan. Ta goya ta da kanta zuwa wurin likitocin da ke zuwa ƙauyen gwajin jini, ina biye da ita. Sakamako ya fito, dalma ta yi yawa a jikinta. Suka ba mu wani magani mai wari, suka ce zai fitar da gubar, amma sai in wata ba ta ci gaba da shiga ba. Wata malamar asibiti, mace mai haƙuri da ba ta ɗaga murya, ta zaunar da ni ta yi ta tambaya. Ko akwai tsohon turmin da aka daka dutse a ciki, ko buhun da aka ɗauko shi, ko ina sa wa yarinya kwalli, ko maigida na shigowa da kayan aiki a jikinsa. Duk na amsa mata da gaskiya. Ɗaki ne kaɗai ba ta tambaya ba, don a saninta an riga an gyara shi, ni kuma na kama wannan na riƙe, na ce wa zuciyata ai ban yi ƙarya ba tunda ba a tambaye ni ba.

Maganin ya yi aiki, gubar ta sauka, yarinya ta fara murmushi. Muka koma gwaji, ta sake hawa. Aka sake magani, ta sauka, ta sake hawa. Malamar ta ce dole akwai inda take samunta a cikin gidan. Daga nan na zama kamar mai iska. Na jefa kwallina da tandunsa a masai, na sa aka fitar da tsohon turmi aka binne can nesa, na sauya tukwane, na wanke randa har ta kusa hujewa. Kullum ina zagaye gida ina ɗaga wannan ina jefar da wancan, mata na cewa ba su taɓa ganin uwa mai kula irina ba. An bar jaki ana dukan taiki, kuma ni ce mai sandar. Na ƙara wa daɓen makuba, na toshe gindin randa, na shimfiɗa sabuwar tabarma na rufe shi na ce don sanyi ne. Ba abin da ban yi ba sai buɗe baki.

Da aka rasa abin kamawa sai ido ya koma kan mijina, shi kaɗai ya rage mai zuwa rami a gidan. Inna ta tsare shi a gabana ta wanke shi tas, ta ce wansa ya binne biyu bai ishe shi darasi ba, sai ya ga tasa a likkafani. Ya fara wanka a can kafin ya taho, kayan aiki a can yake barin su. Da gubar ta sake hawa sai ya bar ramin gaba ɗaya a tsakiyar rani, ba wata sana'a a hannu, ya koma saran itace da dako a kasuwa. Duk da haka bai yarda da kansa ba, ya ce wa ya sani ko gubar ta shige masa fata. Ya daina ɗaukar ɗiyarsa. Mutumin da in ya dawo kafin ya sha ruwa sai ya cilla ta sama ya cafe, sai ga shi yana tsayawa bakin ƙofa hannuwansa a baya, tana miƙo masa hannu tana kuka, yana ba ta haƙuri. Ni ina zaune ina kallo, har nakan ce masa gara hakan. A duk abin da na yi, wannan kalmar ta fi ƙona ni yau.

Mai karatu zai ce me ya hana ni faɗa. Da farko ban yarda ba ne, ina cewa wankakkiyar laka ba za ta yi wannan ba. Daga baya na yarda, sai tsoro ya kama ni. Duk ranar da na ƙara ina shiru sai faɗar ta ƙara nauyi, don yanzu ba laifin laka kaɗai zan amsa ba, har da ƙaryar da na yi wa Inna da sana'ar da mutum ya bari. Na rame, abinci ba ya wuce mini, in na tayar da salla sai in rasa raka'a ta nawa nake. Na yi niyyar fasa daɓen da kaina in ce tsagewa ya yi, sai na tuna za a ga launin lakar, toka-toka a ƙarƙashin makuba, ba ruwanta da jar ƙasa. Na ce gobe, gobe ta zo na ce jibi.

Ranar da abin ya fashe da hantsi ne, ina tankaɗe a ƙofar ɗaki, sai na ji wani gurnani daga ciki wanda ba kuka ba. Na leƙa na ga ɗiyata a kwance ta yaye gefen tabarma, jikinta na jijjiga, haƙora a datse, idanu sun yi sama, ga ɓarɓashin laka a gefen bakinta. Ban san yadda na fito da ita ba. Mijina na kusa, ya manta da maganar hannuwansa ya fizge ta daga wurina, aka samo mai babur muka hau, shi a tsakiya da ita a ƙirji, ni a baya. Ban taɓa jin nisan hanyar Anka irin na ranar ba, duk ramin da babur ya faɗa sai in leƙa ta kafaɗarsa in ga ko tana numfashi. A asibiti suka karɓe ta suka yi ta fama har jijjigar ta lafa, amma ba ta farka ba sai washegari, kuma da ta buɗe ido ba ta nemi kowa ba.

A barandar asibitin mijina ya same ni, ya tsuguna nesa kaɗan kamar baƙo. Ya ce ya yi tunani, idan Allah ya tashi kafaɗunta zai kai mu Gummi wurin iyayena, shi kuma ya tafi wani gari neman abinci, don ya tabbata muddin yana kusa da ita ba za ta warke ba. Ya ce in yafe masa, na baro gidanmu lafiya ya kawo ni cikin masifa. Yana magana hawaye na bin gemunsa. Nan abin ya gagare ni riƙewa. Na gaya masa komai, mai jaki, ƙofar baya, ƙaryar jar ƙasa, ban rage ba ban yi wa kaina ado ba. Na zaci zai daka mini tsawa ko ya ɗaga hannu, wallahi da ya yi da na ji sauƙi. Tambaya ɗaya ya yi, tun yaushe na san daɓen ne. Na ce tun kafin ya bar rami. Ya miƙe ya shiga ya faɗa wa malamar, ya fito ya wuce ni ya nemi babur.

Abin da ya faru a gida Inna ce ta ba ni labari daga baya. Masu aikin suka zo da wata na'ura da ake ɗorawa a ƙasa ta nuna yawan guba, suka auna tsakar gida lafiya, suka auna ɗakina, mai riƙe da ita ya sake aunawa don bai yarda da idonsa ba. Aka fitar da kayana, aka jiƙa daɓen don kada ƙura ta tashi, aka fasa aka ɗura a buhuna, aka wanke duk abin da ke wankuwa. Mijina ya sayar da ragon da yake kiwo aka zuba siminti. Kafin mu dawo kowa a ƙauyen ya ji, matan da suka yi ta shafa daɓena su ne suka riƙa yin shiru in na iso bakin rijiya. Ban ga laifinsu ba, wasunsu sun binne 'ya'ya ba su san komai ba, ni kuwa an gaya mini. Inna ba ta zage ni ba. Ta ce ita ma da nata, ta ga sheƙin ɗakin ya wuce na jar ƙasa, zuciyarta ta raya mata, amma ta ƙi bincike don kada a ce ta sa wa matar ɗanta ido.

Tun da aka fasa daɓen gubar ta kama sauka, ko da yake an daɗe ana magani ana komawa gwaji. Tsakanina da mijina kuwa an ɗauki lokaci. Bai sake ni ba, bai rage mini komai ba, amma gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Sai wata rana yana gyaran fartanya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, maganar laka ya yafe tun a asibiti, ƙuruciya ce. Abin da yake roƙon Allah ya cire masa a rai shi ne watannin da na zauna ina kallonsa yana tsoron taɓa ɗiyarsa. Mun ci gaba da zama, Allah ya ƙara mana yara, yanzu ma muna cikin garin Anka tun da zaman ƙauye ya gagara.

Ɗiyata ta rayu, alhamdu lillahi, ta girma kyakkyawa mai son mutane. Sai dai ta yi jinkirin tafiya, ta yi jinkirin magana, kuma karatu ba ya zama a kanta. In an aike ta abu biyu, ɗaya take kawowa ta tsaya tana murmushi tana ƙoƙarin tuno ɗayan. Ƙannenta sun zo sun same ta a aji sun wuce. Likita ya gaya mana tun farko cewa magani na fitar da guba daga jini, amma abin da ta riga ta taɓa a ƙwaƙwalwa ba lallai ya dawo ba.

Shi ya sa nake roƙon 'yan'uwana mata, musamman na yankunanmu da ake aikin zinari, su karɓi wannan darasi a kyauta, ni da tsada na same shi. Dalma ba ƙazanta ba ce da ruwa zai tsarkake, ba ta wari, ido ba ya ganinta, ɗaki mai sheƙi na iya fin juji guba. Kada ƙasa ko laka ko tubali daga wurin niƙa da wurin wanki su shigo gida kome kyansu, ko don daɓe, ko yaɓe, ko cikon rami. Maigida ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya shigo. A yayyafa ruwa kafin shara, a wanke hannun yaro kafin ya ci, a kiyayi kwallin dutse a idon jarirai. In yaro ya daina abin da ya riga ya iya, kada a tsaya ana cewa haƙori ne, a kai shi a gwada jini. In an yi bayani ba ki nan, ki je ki tambaya da kanki, kada ki yanke hukunci a kan guntun zance. Abin da ya fi duka kuwa, in kin san wani abu ki faɗa tun ba a tambaye ki ba. Kunya ce ta ɗan lokaci, ana shanye ta. Ni na guje ta, na biya da abin da ba nawa ba.

Kwanakin baya muna tsintar shinkafa ni da ita, ƙaramin ƙanenta na gefe yana karatu da ƙarfi, sai ta ajiye faranti ta tambaye ni ko haka aka haife ta. Na ce a'a, lafiya lau aka haife ta, ta fi su duka wayo tana jaririya. Ta ce to me ya same ta. Na ce ta bari mu gama zan gaya mata. Mun gama, an dafa an ci, ba ta sake tambaya ba, wataƙila ma ta manta. Ni ban manta ba. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya taya ni da addu'a, Allah ya ba ni ƙarfin zaunar da ita in gaya mata da bakina kafin ta ji a bakin wani.